Tambaya da Amsa: Kiranyen Manyan Motoci Saboda Matsalar Sitiyari, da Inda Ya Shafi Masu Sufuri a Maraɗi

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon mafi yawansu daga masu harkar sufuri suka fito, kuma kusan dukkansu a kan abu ɗaya suke magana, wato sitiyarin babbar mota da abin da ke biyo baya idan ya sami matsala, har da kiranye, inda kamfani yake kiran motocin da ya sayar domin a gyara aibin da suka fito da shi. Mun zaɓi huɗu daga ciki mun taƙaita su ba tare da mun sauya ma'anarsu ba, kuma kamar yadda muka saba, ba mu ambaci sunan kowa ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai motocin ɗaukar kaya ne a nan Maraɗi. Ina da kan tirela biyu da na saya na hannu, ɗaya daga ciki ƙirar Volvo, suna jigilar aya da wake zuwa Katsina da Kano ta Ɗan Isa, wani lokaci kuma su yi Yamai. Ɗana ya nuna mini wani labari a waya cewa an taɓa yi wa dubban motocin Volvo kiranye a Amurka saboda sitiyarinsu yana rabuwa ana cikin tafiya. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Yaya wannan kiranye yake, shin tawa motar tana ciki, kuma idan tana ciki wane ne zai sanar da ni? Daga wani Alhaji a unguwar Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi mai albarka. Labarin da ɗanka ya nuna maka gaskiya ne. A farkon shekarar 2016 reshen kamfanin Volvo na Arewacin Amurka ya sanar da kiranyen manyan motoci kusan 16,000 a cikin Amurka, samfurin VNL da VNM da VNX waɗanda aka ƙera tsakanin watan Mayu na 2015 da watan Maris na 2016. A waɗannan motoci, sandar da ke ɗauko juyin sitiyari daga hannun direba ta kai shi ƙasa ga akwatin sitiyari gida biyu aka yi ta aka haɗa. An gano cewa a wasu motocin akwai wata ƴar ƙusar kulle da ba a saka ba, a wasu kuma boltin da ke riƙe sandar sama da ta ƙasa bai ɗauru yadda ya kamata ba. Idan wannan mahaɗa ta saki, direba zai ji sitiyari yana juyawa sakayau a hannunsa alhali ƙafafun gaba ba sa bin umarninsa. Kamfanin ya gaya wa masu motocin su dakatar da su, sannan a cikin watan Maris hukumar da ke sa ido kan manyan motocin haya a Amurka, wato FMCSA, ta ba da umarni cewa duk wadda aka tare a kan hanya ba a yi mata gyaran ba, a ajiye ta nan take. An fara da gyaran wucin gadi, daga baya aka sauya sandar da wata wadda take dunƙule guda ɗaya, kuma kafin shekarar ta fita an kai ga kusan dukkan motocin.

Ba Volvo kaɗai abin ya taɓa samu ba. A 2021 kamfanin Daimler ya yi wa motocinsa na Freightliner Cascadia sama da 100,000 kiranye, saboda mahaɗar sandar da ke jan ƙafar gaba mai yiwuwa ba ta zauna daram a mazauninta ba tun daga masana'anta, kuma tana iya kwancewa. A 2022 kuma kamfanin Sheppard, wanda yake ƙera akwatunan sitiyari yana sayar wa masu haɗa manyan motoci da dama, ya gano cewa an rufe wasu akwatunan da ƙananan ƙwallayen ƙarfen cikinsu ba su cika ba, abin da ya sa kiranyen ya shafi motocin kamfanoni daban-daban a lokaci guda. Ka lura, Alhaji, a dukkan ukun ba tsufa ne ya kawo matsalar ba, kuma ba laifin direba ko rashin kyawun hanya ba ne. Sababbin motoci ne da suka fito da aibinsu daga inda aka ƙera su, kuma irin wannan aibi kaɗai ake yi wa kiranye. Abin da ya cinye saboda aiki da shekaru, wannan yana wuyan mai mota.

Tsarin yana da doka a bayansa. Tun 1966 Amurka ta kafa dokar lafiyar motoci, kuma hukumar NHTSA ce take kula da ita a yau. Idan kamfani ya tabbatar cewa akwai aibin da ke iya jawo haɗari, wajibi ne ya sanar da hukumar cikin kwanakin aiki biyar, ya rubuta wa masu motocin cikin kwana 60, sannan ya gyara kyauta muddin motar ba ta haura shekara 15 da sayarwar farko ba. A Turai, inda yawancin manyan motocinmu suke fitowa, kowace ƙasa tana da hukumarta, kamar KBA a Jamus da DVSA a Ingila, kuma Tarayyar Turai tana da tsarin gaggawa mai suna Safety Gate inda ƙasashen suke sanar da juna kayan da aka gano suna da haɗari, har da motoci. A ganina bai kamata jin an yi wa wani samfuri kiranye ya sa mutum ya tsani kamfanin ba. Duk mai ƙera motoci dubbai wata rana zai yi kuskure, kuma wanda ya fito ya faɗi lambobin motocin da abin ya shafa ya ba ka hanyar tsira. Abin tsoro shi ne aibin da ba a sanar ba, ko wanda aka sanar amma sanarwar ba ta iso ka ba.

Game da motarka, akwai alamar da za ta fara kwantar maka da hankali. Motocin da aka yi wa wancan kiranye na 2016 masu dogon hanci ne, injinsu a gaban direba, an ƙera su a Amurka domin kasuwar can. Volvo da muka fi gani a hanyoyinmu, irin su FH da FM, masu shafaffiyar fuska ne, direba yana zaune a kan inji, kuma ƙirar Turai ne. Domin ka tabbatar, duba lambar shasi. Lambar tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma ukun farko suna nuna wanda ya ƙera motar. Idan ta fara da YV2, Volvo ce ta ɓangaren Turai, idan kuma ta fara da 4V4, ta Amurka ce. Haka nan WMA na MAN ne, XLR na DAF, YS2 na Scania, VF6 na Renault. Idan taka YV2 ce, wancan labari bai shafe ta ba. Sai dai kuɓuta daga wannan kiranye ba ya nufin babu wani daban a kanta, domin kamfanonin Turai su ma suna fitar da nasu lokaci zuwa lokaci.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma amsarta ba mai daɗi ba ce: a mafi yawan lokuta babu wanda zai sanar da kai. Wasiƙar kiranye adireshin rajista take bi, ba motar take bi ba. Kamfani yana samun sunayen masu motoci daga ofishin rajista na ƙasar da aka sayar da su. Motar da ta yi aiki shekara takwas ko goma a Holan ko Jamus, aka soke rajistarta, dillali ya saye ta, ta hau jirgi a Antuwap ta ƙasar Beljiyam ta sauka a Kwatano ko Lome, ta bi hannu biyu ko uku kafin ta iso Maraɗi, ta riga ta ɓace daga littafin kamfani. Idan an yi kiranyen tun tana can kuma mai ita na farko ya kai ta, to alhamdu lillahi. Idan bai kai ta ba, ko kuma an gano aibin bayan ta tsallako, aibin yana nan a ƙarƙashin direbanka, wasiƙar kuma tana can a akwatin gidan wayar wani da ya daɗe da mantawa da motar.

Saboda haka kai ne za ka nema. Ka sa a kwafo lambar daga jikin shasin kansa, yawanci a ɓangaren dama kusa da ƙafar gaba, bayan an goge laka da baƙin mai, sannan a gwada ta da wadda ke kan ƴar farantin da ke jikin ƙofa da wadda ke cikin takardar rajistar motar. Ya kamata ukun su zo ɗaya. A lambar shasi babu harafin I ko O ko Q, saboda haka duk abin da ya yi kama da su, ɗaya ne ko sifiri. Idan motar ta Amurka ce, ɗanka zai iya saka lambar a shafin intanet na NHTSA ya ga ko akwai kiranyen da ba a yi ba, amma wannan shafi ba ya nuna motocin da aka ƙera domin wasu kasuwanni. Idan ta Turai ce ko ta Sin, a aika lambar ga wakilin kamfanin mafi kusa, a Yamai ko a Nijeriya, ko ga uwar kamfanin kai tsaye, a yi tambaya biyu a rubuce: shin akwai wani kiranye a kan wannan lamba, kuma shin littafinku ya nuna an yi gyaran? Dangane da kuɗi, dokar Amurka ko ta Jamus ba ta da iko a Maraɗi, saboda haka samun gyaran kyauta ya dangana ga kamfanin da wakilinsa. Ka nemi haƙƙinka da takarda a hannu. Amma ko da a ce kai za ka biya, sanin ainihin ƙarfen da ke da aibin ya riga ya rage maka rabin wahala, domin makanikenka zai san inda zai sa hannu.

TAMBAYA: Ni direba ne, ina ɗaukar siminti da kayan masarufi tsakanin Maraɗi da Damagaram. Kwanan nan sitiyarin motar da nake ja ya fara wasa, sai na juya shi sosai kafin mota ta amsa, kuma idan na shiga rami ina jin wani ƙwas daga ƙasa. Na gaya wa maigidana, ya ce in ƙarasa lodin da ke gabanmu tukuna, bayan haka a duba. Ina jin nauyinsa, kuma ina tsoron rasa aikina. Wasa nawa ne ya zama haɗari? Daga wani direba a Sabon Gari.

AMSA: Ƙanena, Allah ya tsare hanya. Zan ba ka awon da ka tambaya, amma tun kafin awo, wasan da yake ƙaruwa tare da ƙara daga ƙasa ya isa dalilin tsayar da mota. Ka dubi lissafin nan. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, wato fiye da tsawon tirelar kanta. Hanyar da kake bi tana ratsa Cadawa da Agye da Gazawa da Tasawa, kuma ka fi ni sanin yadda bakin titi yake cika ranar kasuwa da amalanke da ƴan kabu-kabu da yara masu talla. Idan birki ya yi rauni, direba yana da sauran dabara, yana iya rage giya ya nemi inda zai kauce. Idan sitiyari ya rabu, babu kaucewa. Abin da ya rage kawai shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a taka birki da natsuwa, a danna oda, sauran kuma sai inda nauyin kaya da gangaren titi suka kai motar.

Ga yadda ake awon. Ka tsayar da motar a wuri mai daidai, ƙafafun gaba suna kallon gaba sak, ka ja birkin hannu, a sa waigi a ƙafafun baya, inji kuma yana aiki idan sitiyarin mai famfon mai ne. Ka juya sitiyari a hankali zuwa hagu har yaron motarka ya ga taya ta fara motsi, ka yi alama da alli a bakin sitiyarin, sannan ka dawo dama har tayar ta sake motsi, ka auna tazarar da alamar ta yi. A ƙa'idar Amurka, sitiyari mai faɗin santimita 50 bai kamata wasansa ya wuce kimanin santimita 13 ba idan mai famfo ne, ko kimanin santimita 6 idan ba shi da famfo. Wannan iyaka ce ta ƙarshe wadda daga ita mota ta faɗi jarrabawa, ba awon lafiya ba ne, kuma motar da ke cikin hayyacinta wasanta bai kai kusa da haka ba. Abin da ya fi yawan wasan muhimmanci shi ne saurin canzawarsa. Wasan da ya ƙaru cikin mako guda, ko sitiyarin da tsakiyarsa ta karkace bayan an faɗa rami, ko wanda yake cijewa a wani wuri sannan ya saki, duk suna nuna cewa wani ƙarfe ya lanƙwashe ko wata mahaɗa tana gab da fita.

Daga nan sai ku yi musanya, yaron ya riƙa kaɗa sitiyarin hagu da dama, kai kuma ka durƙusa da tocila ka bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, daga sandar da ta sauko daga sama da mahaɗanta, zuwa akwatin sitiyari da boltocin da suka ɗaure shi a shasi, zuwa guntun hannun da ya fito daga akwatin, da sandar da ke jan ƙafar gaba, da tayarod da ya haɗa ƙafafun biyu. Kowane ƙarfe ya kamata ya motsa tare da na kusa da shi a lokaci guda. Inda ka ga ɗaya ya fara tafiya ɗayan yana jira, nan ne ciwon. Ka duba gindin kowane noti da kyau. Idan ka ga wani gari ja-ja kamar na barkono ya taru a kewayensa, ko wani zobe mai ƙyalli inda ƙarfe yake gogar ƙarfe, to notin yana motsi ko da hannunka bai iya juya shi ba. Ka duba robar da ke rufe kowace rotil, wato mahaɗa mai dunƙulen kai da ke juyawa a ƙarshen sanda, domin idan ta yage giris ya fita, rairayin hanyarmu ya shiga, kwanan rotil ɗin ya ƙare. Ka buɗe tankin man sitiyari ka ga ko ya ragu ko yana kumfa, ka bi tiyo ka ga ko yana yoyo.

Ka kuma tuna da lodi. Dokar UEMOA, wato ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade tan 6 a kan aksul na gaba, kuma duk buhun da aka ƙara fiye da kima, musamman idan an tura kayan gaba, waɗannan mahaɗai ne suke ɗaukar wahalarsa a kowane rami.

Maganar maigidanka kuwa, ina ba ka shawara kada ka je masa da gardama, ka je masa da abin da ido zai gani. Ka roƙe shi cikin ladabi ya zo ya tsaya minti biyar ya ga mahaɗar tana wasa, idan kuma ba ya kusa, ka ɗauki hoton bidiyo da waya ka aika masa, makanike ya yi masa bayani da bakinsa. Yawancin masu motoci ba mugunta ke sa su cewa a ƙarasa lodi ba, suna ɗauka ƙorafin yau da kullum ne, kuma idan suka ga abin da idonsu sukan sauya magana, tun da motar da kayan dukiyarsu ce. Idan ya gani kuma ya dage, to ka sa manyan tasha ko shugabannin sandikarku, wato ƙungiyarku ta direbobi, su shiga tsakani. Ni dai ba zan ce maka ka hau wannan mota da lodi ba, ko da tafiyar ba ta wuce Cadawa ba.

TAMBAYA: Ni makaniken manyan motoci ne. Sau da yawa akan kawo mini mota tayarod ya lanƙwashe ko hannun akwatin sitiyari ya tsage, mai motar ya ce a gasa a miƙe ko a yi walda saboda sabo yana da tsada. Wani lokaci kuma mukan sa akwatin sitiyari na gwanjo da aka ciro daga wata mota. Shin akwai laifi a wannan? Daga wani makanike a hanyar Ɗan Isa.

AMSA: Malam, sannu da aiki, kuma na gode da ka yi wannan tambaya a fili, domin abu ne da ake yi kullum ba a cika son maganarsa ba. Walda da gashi a ƙarafan sitiyari ba gyara ba ne. Waɗannan ƙarafa a masana'anta ake buga su da zafi, a kuma dafa su a sanyaya su bisa wani awo na musamman domin su yi ƙarfi ba tare da sun yi gautsi ba. Da zarar harshen wuta ya taɓa su, wannan dahuwa ta lalace a wurin, wani sashe ya yi laushi, wani ya yi gautsi, kuma ido ba ya ganin bambancin. Ƙarfen zai fito a miƙe, a shafa masa baƙin fenti, ya yi wata biyu ko shida yana aiki, sannan ya karye a gefen waldar lokacin da nauyi ya fi yawa a kansa, wato a kwana ko a rami. Shi ya sa a ƙa'idar binciken manyan motoci ta Amurka, ganin alamar walda a ƙarafan sitiyari ko a aksul na gaba kaɗai ya isa mota ta faɗi. Na san mai mota zai matsa, na kuma san idan ka ƙi wani garejin zai karɓa. Duk da haka ina roƙonka ka ƙi, ka gaya masa dalili, domin idan ƙarfen ya karye sunanka ne za a fara ambata a tasha.

Kayan gwanjo hukuncinsu daban ne. Akwati na asali da aka ciro daga mota mai lafiya yana iya fin sabon jabu nesa ba kusa ba, amma yana zuwa da tarihinsa a rufe. Idan daga motar da ta yi karo aka ciro shi, haƙoran cikinsa suna iya kasancewa da tsaga. Idan kuma yana cikin waɗanda aka yi wa kiranye, aibin ya biyo shi zuwa motar da lambar shasinta ba ta cikin kowane jeri, kuma ta nan ne matsalar kiranye take shigo mana ta bayan gida. Saboda haka kada ka karɓi akwatin da aka cire masa ƴar farantin lambarsa ko aka kankare ta. Ka rubuta lambar a littafinka tare da lambar motar da ka ɗaura wa, ka juya shi da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe kafin ka ɗaura, ka ji ko yana cijewa. Motocin da suka zo daga Ingila da sitiyari a dama aka mayar da shi hagu suna buƙatar ƙarin kulawa, domin an huda shasi an sauya mazaunin akwatin, kuma ingancin aikin ya dangana ga hannun da ya yi shi.

Akwai wani ƙaramin abu da nake gani yana yawa. Notin rotil mai tsaga-tsaga a kai an yi shi ne domin a zura masa ƴar ƙusar kulle mai baki biyu a tanƙwara. Sau da yawa sai a tarar an sa ƙusar kafinta ko guntuwar waya, ko ma an bar ramin fayau. Ka tuna ƙusar kulle guda ɗaya tana cikin abin da ya sa aka tsayar da motoci kusan 16,000 a Amurka. A sa sabuwa duk lokacin da aka kwance, a kuma ɗaure notin da sifana mai awo bisa ƙarfin da kamfani ya faɗa, ba da dogon bututu da tsalle a kai ba. Sannan idan ka lura ƙarfe iri ɗaya yana karyewa a wuri ɗaya a motoci samfuri ɗaya, ka ɗauki hotuna, ka rubuta lambobin shasinsu, ka kai wa wakilin kamfanin. Kiranye da yawa daga irin waɗannan rahotanni na gareji da na masu motoci suke farowa.

TAMBAYA: Motata ta ci bizit, wato binciken lafiyar mota na hukuma, wata uku da suka wuce, takardar tana hannuna. Wannan bai isa shaida cewa sitiyarinta lafiya lau yake ba? Kuma ina shirin sayo wata daga waje, me zan nema? Daga wata Hajiya mai harkar sufuri a Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Takardar bizit tana shaidar halin da motar take ciki a ranar da aka duba ta, kuma abin da ake dubawa shi ne abin da ido da na'ura za su iya kamawa, kamar wasa da yoyo da tsaga. Wata uku a hanyoyinmu da cikakken lodi sun isa su cinye rotil. Aibin masana'anta kuma, irin ƙwallayen da ba su cika ba a cikin rufaffen akwati, mai bizit ba zai gan shi ba komai ƙwarewarsa, sai ta lambar shasi ake gano shi. Ina ganin da sandikar masu motoci ta Maraɗi za ta tattara lambobin shasin mambobinta ta aika wa kowane kamfani nasa a takarda ɗaya, da amsar ta fi saurin zuwa fiye da a ce kowa ya rubuta shi kaɗai, kuma aiki ne da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, za ta iya mara wa baya.

Game da wadda za ki saya, ki sa dillalin ya aiko miki da hoton lambar shasi daga jikin ƙarfen, da hoton takardar rajistar ƙasar da motar ta fito, da littafin gyaranta idan yana nan. Ki nemi ya kai lambar ga wakilin kamfanin a can ya karɓo takardar da ke nuna babu kiranyen da ya rage a kanta, idan kuma akwai, a yi gyaran tun motar tana ƙasar da doka ta tilasta wa kamfani yin sa. Ki sa wannan cikin sharuɗɗan ciniki kafin ki biya cikon kuɗin, domin da zarar motar ta hau jirgi dillalin ba shi da sauran dalilin bin wannan takarda.